Miyau, tsamiya da kunun da ya tsinke

Duk wadda ta taɓa ba yaro kunu da cokali ta san yadda ake ƙarewa: cokali na kai-komo tsakanin baki da kwano, kafin a kai rabi kunun ya tsinke. Aikin miyau ne. A cikinsa akwai wani enzayim, wato sinadari mai hanzarta narkar da abinci, mai suna amilas, wanda ke daddatsa sitacin gero ya mayar da shi sukari. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna lomar tuwo za ka ji ɗan zaƙi-zaƙi.

Abin da nake naci a kai wurin koyar da ɗalibaina shi ne, amilas ba ya jure tsami. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sørensen, ya fito da shi a 1909. Lamba 7 ce tsaka-tsaki. Tana sauka, tsami na ƙaruwa. Amilas na miyau ya fi ƙarfi a kusa da 7.

Ba na jiran kayan ɗakin gwaji masu tsada. Ruwan sitaci nake dafawa tsararo, in zuba a kofuna, wannan a sa masa ruwan tsamiya, wancan a bar shi haka nan, sannan kowanne a ɗiga masa miyau. Bayan ɗan lokaci sai a gwada da aidin, maganin nan da ake shafa wa ciwo. Na tsamiya zai yi shuɗi mai duhu, alamar sitacin na nan daram. Wanda aka bari kuwa aidin ba ya sauya launi, don an cinye sitacin. Tsamin ya ɓata siffar enzayim ɗin ne, ya kasa kama sitaci. Kanwa ma in ta yi yawa tana rage masa ƙarfi, ta ɗaya ɓangaren, wato sama da 7.

Haka abin yake a jikinmu. Tumbi na da tsami sosai, lambar pH ɗinsa takan sauka zuwa 2 ko ƙasa da haka, don haka aikin miyau yana tsayawa a can. Sai abinci ya shiga ƙaramin hanji, ruwan fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya kashe tsamin, sannan sabon amilas ya ɗora.

Masu kunun zaƙi suna burge ni a nan. Busasshen dankali ko tsiron hatsin da suke zubawa amilas ne a cikinsa, kuma suna zuba shi ne tun kunun bai fara tsami ba, yana da ɗumi-ɗumi. Zaƙin ke fara fitowa, tsamin kwana ya biyo baya.