Inda na kai da gyaran burauza a ƙaramar laftof ɗina mai RAM 2GB

'Yan uwa masu koyon Linux, barkanmu da war haka. Ga inda na tsaya da maganar burauzar laftof ɗina da ke sulo, kuma tun farko bari in faɗi abin da na fi so ku riƙe, wannan abin da muke kira sulo ba ciwo ɗaya ba ne. A na'urata dai uku na tarar, kowanne da inda yake fitowa, in ka tashi gyara ba ka auna ba sai ka yi ta ɗura wa ciwon RAM maganin furosesa kana mamakin me ya sa shiru.

Ga na'urar don ku kwatanta da taku: mai furosesa Celeron N2840 ce ta wajajen 2014, ƙwaya biyu (wato sassa biyu masu aiki a cikin furosesa ɗin), gudun 2.16GHz, RAM 2GB a manne a jikin bod ba wurin ƙari, ma'ajiyar kuma eMMC 32GB. Debian 12 na ɗora mata da Xfce, burauzar Firefox ESR. Tana tashi lafiya lau, tamina da editan rubutu nan take suke buɗewa, sai an zo kan burauza ake jin jiki. In shafuka suka ɗan yi yawa komai sai ya daskare har linzami ya ƙi motsi, bidiyo kuma tsinkewa yake jikin laftof ɗin ya ɗau zafi, sannan akwai wasu shafukan da ko su kaɗai ne a buɗe in kana gungurawa ƙasa sai ka ji kamar ana janyo su ta baya.

Kafin komai ku fitar da netwok daga zargi. In shafi yana jinkirin zuwa amma linzami na tafiya sumul kuma `htop`, mai nuna aikin furosesa da RAM a tamina, ya nuna furosesa a zaune yake ba ya aikin komai, to matsalar ba a kwamfutar take ba, kada ku taɓa sitin ko ɗaya.

Na fara da daskarewar don ita ta fi ci min rai. Ku buga `free -h` amma kada ku tsorata da layin free, Linux da gangan yake cika RAM ɗin da ba a amfani da shi da fayilolin da ya karanta kwanan nan, yana sakinsu da zarar an buƙata, layin available shi ne gaskiyar abin da ya rage muku. Abin da ya buɗe min ido sosai shi ne `vmstat 1`. Na bar shi yana gudu a gefe na ci gaba da buɗe shafuka, da daskarewar ta zo sai ga layukan `si` da `so` sun tashi, wato abin da ke shiga da fita swap (wurin da ake zuba rarar kaya in RAM ya cika), ga layin `wa` ma ya haura, shi kuma `wa` yana nufin furosesa ɗin jiran ma'ajiya yake. Kun gane ko, a lokacin da nake ganin kamar furosesa ya gaji ashe ba aiki yake ba, zaman jira yake. RAM ya cika, kanel, wato zuciyar Linux mai rabon RAM, ya fara kwashe kaya yana zubawa a swap ɗin da ke kan eMMC, ita kuma eMMC ba ta da sauri wajen ƙananan rubuce-rubuce a warwatse, da an rubuta abu sai burauza ta sake nemansa a dawo da shi a fitar da wani, haka za a yi ta yi.

Maganin da ya yi min aiki a nan zram ne, kuma wallahi a cikin duk abin da na yi shi ne ya fi sauya na'urar. Yadda yake aiki, yana yankar wani ɓangare na RAM ɗin ya mai da shi swap, amma duk abin da zai shiga sai an matse shi tukuna, kamar dai yadda ake danne kaya a jaka don ta ɗau fiye da yadda ta saba. Matsewar tana cin furosesa kaɗan, amma ko wannan ƙaramin Celeron ɗin ya fi saurin matsewa da warwarewa a kan jiran eMMC nesa ba kusa ba. Ba sabon abu ba ne, tun kanel 3.14 a 2014 yake cikin Linux sosai, Fedora ma tun fitowa ta 33 a 2020 da shi take zuwa a kunne. A Debian `sudo apt install zram-tools` ne, sai ka buɗe `/etc/default/zramswap` ka saita ALGO (salon matsewa) da PERCENT (girman zram ɗin, kashi nawa na RAM), ka buga `sudo systemctl restart zramswap`. Maganar ALGO, lz4 ya fi sauri amma matsewarsa ba ta kai ta zstd ba, shi zstd ya fi matsewa amma ya fi cin furosesa, na gwada duka biyun na tsaya a kan zstd saboda a wajena wuri ne ke ƙaranci fiye da komai, mai RAM 4GB da furosesa mai rauni ina ga lz4 zai fi masa daɗi. Bayan nan ku buga `zramctl` ku kwatanta DATA da COMPR, za ku ga da idonku nawa aka zuba da nawa ya ci bayan an matse, gani ya kori ji. Ku kuma duba `swapon --show` ku tabbata lambar PRIO (fifiko) ta zram ta fi ta swap ɗin ma'ajiya girma, in ba haka ba kanel zai ci gaba da fara zubawa a eMMC ɗin.

Akwai wata shawara da ke yawo ko'ina wai a rage swappiness, lambar da ke auna yadda kanel ke saurin komawa ga swap, zuwa 10. Wannan shawarar ta mai swap a kan faifai ce, tana cewa kanel ya guji swap iya iyawarsa. Da zram lissafin ya juya, swap ya zama mai arha, gara a tura abin da ba a taɓawa can a bar wa fayiloli wuri. Asalin lambar 60 ce, kuma tun kanel 5.8 ana iya kai ta har 200, Debian 12 kuwa 6.1 take da shi. Na ƙirƙiri fayil a `/etc/sysctl.d/` na sa `vm.swappiness=150` da `vm.page-cluster=0`, na biyun yana hana kanel ɗebo shafukan memori takwas a lokaci ɗaya alhali ɗaya aka nema, dabarar da ke da amfani a faifai amma a zram ɓata aiki ce kawai. Na ƙara da `earlyoom`, shi aikinsa in RAM da swap duka suka yi ƙasa da kashi 10 cikin 100 sai ya kashe abin da ya fi ci, galibi shafi ɗaya ne zai mutu ka sake loda shi, ya fi a ce na'urar gaba ɗaya ta tsaya sai ka danne maɓallin kashewa.

A nan bari in ɗan ratse. Za ku ga masu cewa a shiga `about:config`, shafin ɓoyayyun sitin na Firefox, a kashe `fission.autostart` don a rage cin RAM. Gaskiya ne yana ragewa, domin tun Firefox 95 a Disamban 2021 kowane gidan yanar gizo ana ware masa nasa aikin daban a memori. Amma an yi hakan ne saboda irin ramin tsaron nan na Spectre da ya bayyana a 2018, don kada wani shafi ya leƙa abin da ke cikin wani. Ni ban kashe ba kuma ba na ba kowa shawarar ya kashe, a na'urar da kake shiga imel ɗinka da ita wannan ba wurin tsimi ba ne. Abin da nake yi, in na ji ta fara nauyi sai in buɗe `about:processes` in ga wane shafi ne ya kumbura in rufe shi, ko in shiga `about:unloads` in sauke waɗanda ban taɓa ba tun ɗazu, suna nan a jere a sama amma sun saki RAM.

Sai bidiyo, wanda shi ne ya fi koya min abu. Bayan zram daskarewa ta tafi amma bidiyo bai canza ba ko kaɗan, ƙwayoyin biyu duka a cike a `htop`, si da so kuma sifili, alamar wannan ciwon daban ne. Abin da ke faruwa, bidiyo a matse yake zuwa, dole a warware shi hoto bayan hoto, kuma a cikin guntun Intel ɗin akwai wani sashe na musamman da aka gina don wannan aikin kaɗai, yana yi cikin sauƙi ba zafi. In burauza ba ta kai gare shi ba sai aikin ya faɗo kan furosesa. Hanyar kaiwa gare shi a Linux sunanta VA-API, Firefox ta fara amfani da ita a fitowa ta 75 a kan Wayland, ta 80 a kan X11 (tsare-tsaren nuna allo biyu na Linux), duka a 2020. Na girka `vainfo` na buga, ya ce bai ga direba ba, domin girki mara nauyi na yi wa Debian ɗin. A nan a kula, direbobin Intel iri biyu ne, `intel-media-va-driver` na guntayen Intel daga zubin Broadwell ne zuwa sama, tsofaffi irin nawa kuma `i965-va-driver`. Da na sa na biyun sai `vainfo` ya jero abin da guntun ya iya, ga H264, wani salon matse bidiyo (kodek), da VLD a gabansa, wato yana iya warware shi. VP9 babu, AV1 babu, su ma salon matse bidiyo ne.

To nan ne gizo ke saƙar. YouTube galibi VP9 ko AV1 yake turo wa burauzar da ta ce ta iya, kuma Firefox ta iya ɗin, da furosesa. Ku danna dama a kan bidiyon ku zaɓi Stats for nerds, a layin kodek in kun ga vp09 ko av01 to furosesa ne ke ɗauke da kayan, avc1 shi ne H.264. Don haka direba kaɗai bai isa ba, sai na ƙara da enhanced-h264ify, ɗan ƙari ne da ke sa burauza ta ce ba ta karɓar VP9 da AV1, sai a turo avc1, a ciki ma akwai wurin hana mai hoto 60 a daƙiƙa, na danna shi. Iyakar H.264 a can 1080p ne, allona kuwa 1366x768 ne, ban rasa komai ba. Don tabbatarwa kada ku tsaya a kan "ina ji kamar ya fi", ku girka `intel-gpu-tools` ku buga `sudo intel_gpu_top` bidiyon na tafiya, in layin Video ya motsa to guntun ya karɓi aikin, in yana sifili ku leƙa `about:support` ku nemi HARDWARE_VIDEO_DECODING ku ga me ya ce, in a rufe yake ku gwada kunna `media.hardware-video-decoding.force-enabled` ku rufe burauzar ku buɗe. Yanzu 720p na tafiya ba tsinkewa, jikin laftof ɗin ɗumi kawai yake. Dogon bidiyo kuma na fi son in ba manhajar kunna bidiyo `mpv` adireshin da `--hwdec=vaapi`, da yt-dlp mai sauko da bidiyo a girke shi zai ɗauko, sai dai shi ma ka ce masa avc1 kake so, ya fi sauƙi domin babu nauyin shafin a kansa.

Tunda kuna cikin `about:support` ku duba layin Compositing, mai nuna abin da ke zana allon. WebRender zalla ake so, in an rubuta Software a gabansa to furosesa ne ke zana allon, sai ku buga `glxinfo -B` ku gani, in llvmpipe, mai zane da furosesa, ya fito maimakon sunan Intel to matsalar ta wuce burauza, ku duba ko akwai nomodeset, mai hana direban allo tashi, a sitin ɗin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux. Nawa lafiya yake a nan don haka na wuce.

Ciwo na uku, shafukan da ke ja, mafi yawansu tallace-tallace ne da masu bin sawu, kowanne da JavaScript ɗinsa yana gudu. uBlock Origin, ɗan ƙari mai toshe tallace-tallace, ya ɗauke kaso mai tsoka, kuma a cikin ɗan allonsa akwai maɓallan da mutane ba su cika lura da su ba, na hana manyan hotuna, na hana haruffan da ake ɗaukowa daga waje, da na kashe JavaScript ɗungurungum ga shafin da kake ciki kaɗai. Shafukan karatu da yawa in ka kashe musu rubutun na nan daram kuma gungurawa ta zama sumul. Sauran ƙare-ƙaren na cire su duka, in kuna zargin naku ku shiga Help ku tashi burauzar a Troubleshoot Mode, in ta yi sauri a can to a cikinsu ɓarawon yake.

Akwai waɗanda na gwada ban ga wani bambanci ba. Tsawaita `browser.sessionstore.interval` daga daƙiƙa 15 da yake kai, yana rage rubutu a eMMC amma sauri dai ban ji ba. Kashe ajiyar wucin gadi ta faifai kuwa ƙara matse RAM ya yi, na mayar da shi yadda yake. Shi ya sa dogayen jerin sitin ɗin nan na `about:config` da ake cewa a kwafa a liƙa gaba ɗaya ba na so, dan Allah ku riƙa sauya abu ɗaya, ku auna, ku rubuta a wani fayil abin da kuka taɓa da lambar da yake kai da, sannan ku wuce na gaba, in abu ya lalace kun san inda za ku koma.

Abin da ya rage min yanzu shi ne manyan shafukan nan da manhaja ce sukutum a cikin burauza, irin na rubuta takardu da taswira da kiran bidiyo. A nan si da so shiru, layin Video ba ruwansa, ƙwaya ɗaya ce kawai ke cikewa ta tsaya a sama, wato aikin JavaScript ne tsagwaronsa kuma iyakar ƙarfin furosesa ɗin ke nan, ba sitin ɗin da zai ƙara masa. Abu na gaba in sha Allahu zan girka `lm-sensors` in bar `sensors` mai nuna zafi na gudu tare da `watch -n1 "grep MHz /proc/cpuinfo"` in ga ko yana kaiwa 2.58GHz ɗin da aka gina shi ya kai in aiki ya yi nauyi, ko zafi na sa shi ja baya a hanya, in zafin ne sai in kwance bayan laftof ɗin in share ƙura in sake man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya shi.