Asabar: duba gidaje da maganar kwamin wanka

Yau na wuni tare da Yaya da maigidanta wajen duba gidajen da dillali ya samo musu, domin wa'adin hayarsu ya kusa cika, kuma Alhaji ya ce ya gaji da zuba kuɗi duk shekara a gidan da ba zai taɓa zama nasa ba. Da hantsi muka fara da wani gida a Hotoro, nan cikin Kano, bayan azahar kuma muka wuce wani a Rijiyar Zaki. Yawan ɗakuna da girman fili kusan ɗaya ne, amma na Hotoro ya fi tsada, kuma da Alhaji ya nemi jin dalili, abin da dillalin ya fi nanatawa bayan kusanci da titi shi ne banɗakin babban ɗaki.

Da ya tura ƙofar sai ya ja gefe domin mu gani da kyau. Farin kwamin wanka ne dogo, an kewaye shi da tayil mai ruwan toka. "Hajiya, irin wannan sai dai a Nasarawa," in ji shi, kuma na ga fuskar Yaya ta washe. Ni kuwa da na leƙa ciki, abin da na tarar shi ne tsohon bokitin roba da moɗa, sai wani jan layi na tsatsa da ya sauko daga bakin famfo ya bushe. Na murɗa famfon, bai ba da ko ɗigo ba. Alamu sun nuna cewa waɗanda suka tashi daga gidan a tsaye suke wanka cikin kwamin da ruwan bokiti, wato sun ɗauki wahalar tsallaka bangonsa kullum ba tare da sun mori abin da aka yi shi dominsa ba.

A mota muka yi lissafin da ya kamata a ce dillalin ya yi mana. Kafin babba ya kwanta cikin irin wannan kwami ruwa ya rufe shi, sai an zuba abin da ya kai lita 150, wato jarka 6 ta lita 25, kusan rabin abin da ɗan garuwa yake turowa a kura. Wankan shawa na minti 5 yakan ci kamar lita 50, bokiti kuwa bai wuce lita 20 ba, kuma da shi muka girma. Ruwan da ake tacewa a Challawa da Tamburawa ba ya isa unguwanni da yawa a kai a kai, musamman sababbin da gari ya faɗaɗa zuwa gare su, saboda haka mafi yawan masu gini sun koma ga rijiyar burtsatse. Ita ma sai da wutar lantarki ko janareto ko sola kafin ruwa ya hau tanki. Idan hunturu ya shigo kuma, hitar da aka saba maƙalawa a bango mai lita 30 ko 50 ce, za ta ƙare kwamin bai cika ba.

Yaya ba ta sakar mini maganar da sauƙi ba. Ta ce wata ƙawarta da ke zaune a Amurka ta gaya mata cewa a can masu ƙananan yara sukan guji gidan da ba shi da kwami ko ɗaya, saboda a ciki suke yi wa yara wanka, kuma rashinsa yana iya rage masu tayi ranar da za a sayar. Na ce mata ban musa ba, amma wannan hukuncin kasuwar da ruwan zafi da na sanyi suke zuwa dare da rana ne. Mu a nan jariri a bahon roba ake yi masa wanka, wanda za a ɗauka a kai inuwa ko a kai rana gwargwadon yanayi. Mai jego kuma, idan ana bin al'adar wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, fili take buƙata da kujera 'yar tsugunno da magudana mai jan ruwa, ba wurin kwanciya ba.

Alhaji, wanda ya yi shiru tun da muka fito, shi ya kawo batun tsarki. Ya ce a mazhabar Malikiyya ruwan da sabulu ya canza masa launi ko ƙamshi ko ɗanɗano ba a wankan ibada da shi, don haka ko mutum ya jiƙu cikin kumfa na awa guda, dole ya tashi ya nemi ruwa tsantsa. Sai na ƙara da abin da ya fi damuna, wato Hajiyarmu, wadda za ta riƙa zuwa tana kwana biyu a gidan. Gwiwoyinta ba za su iya tsallaka bango mai tsayin kusan rabin mita ba, balle a kan santsin sabulu, kuma karaya a ƙugu ga tsohuwa ba abin wasa ba ce. Nan Yaya ta ce, "Wannan kam gaskiya ne," ta juya tana kallon titi.

Gidan Rijiyar Zaki shawa ce kawai a kowane banɗaki, kuma dillalin ya so ya wuce da mu da sauri kamar yana jin kunyarsu. Alhaji ya tsayar da shi. Ya buɗe shawar, ruwa ya zubo da ƙarfi saboda tankin yana kan dogon ƙarfe a bayan gida, sannan ya sa aka cika bokiti ya kwarara a ƙasa, muka tsaya muna kallo har ruwan ya gangara magudana bai kwanta a kusurwa ba. Ya zagaya ta waje ya shafa bangon da ke bayan banɗakin yana neman danshi ko fentin da ya kumbura, ya kuma tambayi inda aka haƙa sokawe da nisansa da burtsatsen. Ba na cewa shawa ta fi komai, domin wadda ba ruwa a samanta ƙarfe ne kawai a bango. Abin da na lura da shi shi ne, kwami abu ne da za a iya saye a kasuwar Ƙofar Ruwa a kira mai gyaran famfo ya dasa duk ranar da aka ga dama, alhali cire shi sai an fasa tayil, kuma haƙa burtsatse da kafa tanki a gidan Hotoro wani kuɗi ne dabam a kan tsadar da aka riga aka ɗora masa.

Kafin magariba Alhaji ya ce wa dillalin ya kawo kwafin takardun gidan Rijiyar Zaki ranar Litinin, domin a tantance su a ma'aikatar filaye kafin a fara maganar farashi da la'ada. Yaya kuma ta sa sharaɗi ɗaya, cewa a zo da mai gyaran famfo ya auna banɗakin babban ɗaki, ta ji ko zai ɗauki kwami nan gaba ba tare da an taɓa shawar ba.