Injin da ya ƙi tashi

Da safen nan a unguwar Aboabo ta Kumasi na ja igiyar injin yankan itacena har kafaɗa ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Na kwashe shi sai Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci da injuna, ina ta tsine wa wanda ya sayar mini. Dattijon bakanike bai ce uffan ba. Ya cire murfi, ya zaro matatar iska ya buga a tafinsa, garin katako ya zubo kamar garin rogo. Filogi kuwa baƙi ƙirin.

"Ɗana, man inji nawa kake haɗawa da lita 5 na fetur?" Na ce da ido nake aunawa, Baba. Ya yi dariya, ya ce mililita 100, ba ƙari. Ja ɗaya inji ya tashi. Wata shida yana hannuna, ban ma san murfin nan yana buɗewa ba.