Wasiƙa daga Minesota: Malaman asibitinmu su ma su nemi kujera

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Garwa, Marwa da Ngaundare a Kamaru. Ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Mu ma nan Amurka sai godiyar Allah.

Labarin wata mata nake so in ba ku, sunanta Erin Murphy. Nas ce, ta yi aiki a ɗakin tiyata, daga baya ta riƙe ragamar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta wannan jiha ta Minesota. A 2006 mutanen birnin St. Paul suka zaɓe ta zuwa majalisar wakilan jiha mai kujera 134, har ta zama shugabar masu rinjaye daga 2013 zuwa 2015. A 2018 ta nemi takarar gwamna, Tim Walz ya kayar da ita a zaɓen fid da gwani. Ba ta yi zuciya ba. A 2020 ta ci kujerar majalisar dattawan jiha, kuma a Fabrairun 2024 abokan aikinta suka ɗora ta a kan shugabancin masu rinjaye a can ma.

Abin da ta yi faɗa a kansa shi ya fi muƙaman burge ni. A Satumban 2022 nas-nas kusan 15,000 suka shiga yajin aikin kwana 3 a jihar nan. Akwai batun albashi, amma babban kukansu shi ne marasa lafiya sun yi wa hannu ɗaya yawa. Da shekara ta zagayo Murphy ta jagoranci wani ƙuduri da zai ba nas-nas baki wajen tsara yawan ma'aikatan kowane sashe na asibiti. Sai babban asibitin Mayo ya ce in aka yi haka zai kwashe jarinsa na biliyoyin daloli ya kai wata jiha. Aka cire ɓangaren tsara yawan ma'aikatan daga ƙudurin, aka bar tanadin kare ma'aikata daga duka da cin zarafi a bakin aiki. Raina ya ɓaci a lokacin, har yanzu ma ina ganin an yi asara. Sai dai duk wanda ya bi muhawarar ya ji yadda aikin dare yake a asibiti daga bakin wadda ta yi shi, kuma maganar ba ta mutu ba.

Wannan ne ya sa nake tunanin gida. Ƙanwata nas ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauye, ba zan faɗi inda yake ba. Dare ɗaya ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai sa wa yaro ƙarin ruwa, ita ce mai rubuta takarda. In wuta ta ɗauke, wayarta take dannewa tsakanin kafaɗa da kunne ta haska jijiya, hannuwanta biyu suna kan allura. Ta san watan da maganin maleriya yake yankewa. Ta san matar da ta sayi katin haihuwa na sefa 6,000, wanda ya ɗauke mata kuɗin awo da na haihuwa har da tiyata, amma ta rasa abin hawa da naƙuda ta kama cikin dare, hanya kuma ruwa ya cinye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To me ya hana irin su zama a wurin da ake raba kuɗin lafiya?

Na san tsarinmu ba irin na nan ba ne. Kamaru ba ta da majalisun jihohi masu yin doka. Amma tun ranar 6 ga Disamba 2020 muna da majalisun yankuna, kowace da mutum 90: kansiloli ne suke zaɓar 70 daga cikinsu, 20 kuma wakilan sarakuna ne. Dokar raba iko ta 2019 ta sa kula da asibitoci cikin ayyukan da aka miƙa wa yankuna da ƙananan hukumomi. Ke nan ƙofar shiga ita ce kujerar kansila, wadda da yawanmu muke rainawa. Kansila ne yake zaɓen magajin gari, shi ne yake zaɓen yawancin sanatoci, da shi ake amincewa da kasafin kuɗin gari.

Wasu za su ce malaman asibiti sun yi mana kaɗan, in suka tafi siyasa wa zai duba mu? Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma kansila ba kullum yake zama ba, mutum na iya riƙe aikinsa. Kuma ƙarancin nan da muke kuka da shi, a teburin kasafi ake yanke shi.

Iyayena malamai da masu unguwanni, idan jam'iyyu suka fara haɗa sunaye, ku tambaye su ko akwai nas ko ungozoma a ciki, kuma a wane matsayi aka sa ta, don wadda aka jefa can ƙarshen jeri kujera kan wuce ta. Mazajen da matansu suke wannan aiki, ku ba su izini da goyon baya. Ke kuma ƙanwata da abokan aikinki, ku fara da yankar katin zaɓe, ku riƙa rubuta abin da ya yanke da ranar da ya yanke, ku je da littafin zuwa zaman majalisar gari.

A gaida mini kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a St. Paul.