Godiya bayan tattakin ganuwar Hadrian

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, yau na taka ƙafata ba tare da sanda ba, karo na farko tun faɗuwar da na yi a Northumberland, can arewa maso gabashin Ingila. Kafin na manta da wani, bari na sauke nauyin godiya.

Ga waɗanda labari ya riske su rabi-rabi: mu huɗu ne 'yan makaranta daga Newcastle muka bi wata ƙungiyar masu tattaki, yawancinsu dattawa, domin mu taka daga Steel Rigg zuwa tsohon sansanin Rumawa na Housesteads, kimanin mil 3 a kan ganuwar da Sarkin Rumawa Hadrian ya sa aka soma ginawa a shekara ta 122 Miladiyya. Ana yayyafi, ni kuwa na fito da takalmin zuwa aji. A wata gangara mai matakalar duwatsu santsi ya kwashe ni. Na ɗauka targaɗe ne, hoton ƙashi ya nuna tsagewa ce a idon sawu.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga dattijuwar da ta ja mu, tsohuwar malamar makaranta da muka riƙa kira Mama har ta saba. Tun a wurin ajiye motoci ta dubi takalmina ta girgiza kai, ni kuma na yi mata dariyar yaro. Da abin ya faru ba ta ce uffan kan wannan ba. Ta cire rigar ruwanta ta lulluɓe ni, ta zuba min shayi, sannan ta ɗauke min hankali da tarihi. Ita ta gaya min tsawon ganuwar mil 73 ne, kuma a kowane mil na Rumawa akwai ƙaramin sansani, da hasumiyar tsaro biyu tsakanin sansani da sansani. Ta ba ni labarin siraran allunan katako da aka fara tonowa a 1973 a Vindolanda, wani tsohon sansanin Rumawa kusa da ganuwar, wasiƙun sojoji da iyalansu. A ɗaya an sanar da wani soja cewa an aiko masa safa da takalma da wandunan ciki. A wata kuma matar wani kwamanda ce ke gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta. Ina kwance cikin taɓo ina dariya, domin ko ni makon nan na karɓi ƙunshin yaji da kilishi daga gida. Ashe sanyin wurin nan ya daɗe yana sa baƙo jiran aike.

Sai Baba mai gonar da ke ƙarƙashin tudun, wanda ya bar tumakinsa ya hauro da babur mai ƙafa huɗu ya sauko da ni bakin titi. Na ba shi haƙuri don mun ratsa masa gona, ya ce ai hanyar ta jama'a ce, doka ta ba kowa damar binta, in dai zai rufe ƙofar shinge bayan ya wuce. Burtali ke nan, amma na mutane. Na miƙa masa kuɗin mai, ya ƙi ko kallo. Allah ya yi wa dukiyarsa albarka.

Wani abu da Mama ta faɗa ya tsaya min a rai. Ta ce ganuwar nan ma an sha kwashe duwatsunta ana gina gidaje, coci-coci da hanya, sai a ƙarni na 19 wani lauyan Newcastle mai suna John Clayton ya shiga sayen gonakin da ta ratsa don ya hana a ƙarasa ta. Nan take badalar Kano ta faɗo min, da yadda ake yankarta kaɗan-kaɗan muna kallo.

Na gode wa ma'aikatan asibitin da suka karɓe ni da daddare. Na gode wa abokan tafiyata uku da suka yi karɓa-karɓa wajen tallafe ni, duk da har yau ba su daina tsokanata da takalmin ba. Matan unguwarmu da suka yi ta aiko farfesu da kunun gyaɗa, Allah ya bar zumunci. Maman yara kuwa, wadda ta haɗa jinyata da hidimar gida, baki ba zai iya ba, Allah ya saka miki da Aljanna. Hajiyarmu a gida, ki yafe min ɓoye miki da na yi kwana uku.

Mun dai wuce Sycamore Gap, wani kwari da ganuwar ta ratsa, kafin faɗuwar, mun ga kututturen shahararriyar bishiyar wurin da aka sare cikin dare a watan Satumbar 2023, har ya yi toho. Housesteads ce ban kai ba. Sandar tattakin Mama na nan a wurina, kuma ta ce ba za ta karɓa ba sai a can, ranar da na zo da takalmin kirki.