Wasiƙa zuwa Ƙauran Namoda: kafin 'yan gwangwan su gama da filin tasha

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Ƙauran Namoda, da na Gusau, da Tsafe, da duk garin da dogo ya ratsa a ƙasar Zamfara. Muna gaishe ku daga Ingila, da fatan damina ta yi albarka.

Mu ma'aikatan jirgin ƙasa ne, kuma maganar filin tasha ce ta sa muka rubuto. Wanda bai san aikin ba in ya bi ta tsohuwar tasha, ramuka zai gani da tsatsa da kangon gini. Alhali babu ramin da aka haƙa a banza. Kowane abu a wurin yana da aikin da kan jirgi mai tururi ya tilasta a yi shi, kuma wanda ya san aikin zai iya karanta filin kamar allo.

A 1911 dogo ya isa Kano. Daga Zariya aka fitar da reshen da ya bi ta Funtua da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙaura a 1929. Ba don fasinja aka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa ne da auduga da fatu da ƙiraga. An daɗe ana maganar ƙarasa shi Sakkwato, har yau bai wuce Ƙaura ba. Wannan tsayawar ce ta ba garin nauyinsa, domin tashar ƙarshen layi dabam take da ta kan hanya. A ta kan hanya jirgi ya sha ruwa ya wuce. A ta ƙarshe kuwa dole ya kwana, a kwashe masa toka, a duba cikinsa, a juya masa fuska, sannan ya koma inda ya fito.

Mu fara da juyawar. Kan jirgi mai tururi yana da gaba da baya, taragon kwal da ruwa na bayansa. Zai iya tafiya da baya, amma direba ba ya ganin hanya sosai, ƙurar kwal na shiga idonsa, ga shi dole a rage gudu. Dabara biyu ake da su. Ko dai faifai, wato gadar ƙarfe a cikin zagayayyen rami mai turke a tsakiya, wadda in an daidaita nauyin injin a kan turken mutum biyu ko uku za su tura ta da hannu. In direba ya kuskure tsakiyar da taku ɗaya, mutum goma ma sai sun yi gumi. Ko kuma a shimfiɗa dogo mai kusurwa uku, injin ya shiga ta nan, ya ja baya ta can, ya fito fuskarsa ta juya. Ta biyun ta fi cin fili amma ba ta lalacewa, kuma ko an kwashe ƙarafanta, tudun da aka cike mata yakan nuna kansa bayan ruwan farko, lokacin da ciyawa ke fitowa dabam a kansa.

Sai loko, wato rumfar da injin ke kwana. Alamarta ta farko dogon rami ne a tsakanin ƙarafan dogo guda biyu, mai zurfin da fita, wato makanikin injin, zai shiga ya duƙa a ƙarƙashin injin. Irin ramin nan kashi biyu ne, kada a haɗa su. Na waje na toka ne. Nan fayaman, wato mai zuba wa injin kwal, ke farfasa daskararren kashin kwal da dogon ƙarfe, ya zubo shi ƙasa, a yayyafa ruwa. In ba a fasa shi ba sai ya toshe ƙarafan murhu, iska ta daina shiga, wutar ta yi ja maimakon fari, injin ya kasa numfashi a kan hawa. Duk inda kuka tona kuka ga baƙar ƙasa mai ƙuraje kamar kashin maƙera, to kuna kusa da ramin toka. Na cikin rumfa shi ne na duba burki da sifirin da akwatunan gatari, inda sandar da ke riƙe da ƙafafun ke juyawa. Rufin rumfar kuma yakan sami kafar hayaƙi daidai saitin bututun injin, kuma nan kwano ke fara ruɓewa, saboda hayaƙin kwal yana ɗauke da farar wuta, in ta gamu da raɓa sai ta zama ruwa mai cin ƙarfe.

A wancan zamani kwal ɗin daga Inugu yake zuwa, ya bi ta Makurɗi da Kafanchan da Kaduna da Zariya. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin ruwa ake haye da taragun. Ku auna nisan da dunƙule ɗaya ya yi kafin ya faɗa shebur ɗin fayaman a Ƙaura.

Amma ruwa ne ciwon kan loko, ba kwal ba. Kilo ɗaya na kwal yana mayar da kilo 6 zuwa 8 na ruwa tururi, don haka injin ya fi sha fiye da ci. Shi ya sa ake ɗora tanki a bisa ƙafafu, a kafa famfo mai doguwar wuya a gefen layi. Ruwan ƙasarmu kuma kun san halinsa. Da damina Gagare jawur yake saukowa da laka. Da rani a koma rijiya, ruwanta kuwa yakan bar farin ɓawo kamar na cikin butar shayi. Laka tana sa tukunyar injin kumfa, ruwa ya bi tururi ya shiga silinda, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, sai murfin silinda ya tsage. Ɓawon kuma yana lulluɓe bututu da bangon murhu, zafi ya kasa isa ga ruwa, ƙarfe ya ƙone ya fara yoyo. Maganinsa wankin tukunya duk mako ɗaya ko biyu, gwargwadon munin ruwan. A kashe wuta, a bar ta ta huce da kanta, a kwance toshe-toshen wanki, a harba ruwa ta kowace kafa ana sosawa da sandar ƙarfe har ya fito fes. Wanda ya yi gaggawar zuba ruwan sanyi a tukunya mai zafi, shi zai kwana yana toshe yoyo. Hura ta ma haka: daga sanyi zuwa cikakken ƙarfi, fam 180 zuwa 200 a kan murabba'in inci, awoyi ake ɗauka, da ƙirare ake farawa, ba a azalzala. Don haka mai hura wuta ya riga ladan tashi.

Akwai wani ɗan abu a rufin murhu wanda ya ceci rayuka da yawa: toshe mai cikin darma. In ruwa ya yi ƙasa har rufin ya fito fili, darmar ta narke, tururi ya feso kan wuta ya yi gargaɗi kafin tukunyar ta fashe. A dokar reluwe, narkar da darma abin kunya ne babba ga direba da fayaman, domin gilashin duba ruwa na gaban idonsu.

Hunturu ma da nasa. Ƙura na shiga akwatin gatari, ta haɗu da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, farin ƙarfen da ke ciki ya yi zafi ya narke. Shi ya sa a da a kowace tasha ake bin taragu ana taɓa akwatunan da bayan hannu, ba da tafi ba. Yashi kuma, wanda muke takawa kyauta, a loko sai an soya shi an tankaɗe kafin a zuba wa injin, don ya riƙa zubo shi a kan dogo in ƙafa na sulɓi. Ɗanyen yashi toshe bututun yake yi.

Mutane kan ce lalacewar reluwe ce ta kashe ƙananan loko. A ganinmu dizal ya riga ta. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, injinan dizal suka fara aiki a manyan layuka. Dizal ba ya neman tankin ruwa, ba ya zubar da toka, ba dole sai an juya shi ba, kuma zai taso daga Zariya ya koma ba tare da fita ya shiga ƙarƙashinsa ba. Aikin mai wanki da mai wuta da leburan kwal ya tafi ke nan. Daga baya fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka rage kayan ɗauka, manyan motoci suka kwashe sauran.

Roƙonmu ga malaman makaranta da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin shi ne a rubuta abin da ya rage. A nemi izinin ma'aikatan tasha da mai unguwa tukuna, kuma a tsaya a cikin gari, halin da daji ke ciki bai bar bin layi da ƙafa ba. A tafi da tef da alli da waya. Tsakanin cikin ƙarfen dogo ɗaya da cikin ɗayan za ku sami milimita 1067, ƙafa 3 da inci 6 ke nan; sabon layin Abuja zuwa Kaduna na 2016 kuwa 1435 ne, don haka jirginsa ba zai hau namu ba. A cikin kwiɓin dogo akwai rubutu mai tudu: sunan masana'anta, shekarar da aka murza shi, wani lokaci da nauyinsa a fam a kowane yadi. A goge tsatsar, a shafa alli, a ɗauki hoto da hantsi lokacin da haske ke zuwa ta gefe. A duba 'yar tazarar da ke mahaɗar ƙarfe biyu. Ba kuskure ba ce, dogo mai mita 12 yana ƙara wajen milimita 4 in zafi ya ƙaru da digiri 30, in babu tazarar sai layi ya karkace da tsakar rana. Kowane rami a auna tsawo da faɗi da zurfi, a zana inda yake daga ofishin tasha. A zunguri ramin da sanda kafin a sa ƙafa, macizai na son sanyinsa. Farin abu mai kama da auduga da ke manne da tsoffin bututun tururi kuma kada a ɓare shi, ƙurarsa na lalata huhu.

Sannan a je wa dattawan da suka yi aikin, ko 'ya'yansu, da goro a hannu. A tambaye su inda famfon ruwa yake tsaye, daga ina ake jawo ruwan, ina ake jibge buhunan gyaɗa, da sunan da suke kiran kowane ƙarfe da shi a bakinsu. A naɗi muryar, a rubuta ranar.

A isar mana da gaisuwa ga iyaye da malamai. Wassalam.

Naku,
'ya'yanku ma'aikatan jirgin ƙasa mazauna Ingila