Niyut ɗina ya rame, na ɗauka yunwa ce

Wanda bai san niyut ba zai rantse ƙaramin ƙadangare ne, alhali dangin kwaɗo ne. Fatarsa a jiƙe take kullum, har numfashi yana yi ta cikinta. Nawa irin na ƙasar Sin ne, baƙin baya, jan ciki, tsawonsa bai kai santimita 10 ba.

Abin da na fara lura shi ne ya daina shiga ruwa. Sai ya haye dutse ya lafe, wuni guda ko motsi babu. Kafin mako biyu ƙashin ƙugunsa ya fito, jelarsa mai faɗi ta koma kamar tsinke. Ni kuwa sai na yi ta zuba abinci. Bai taɓa ba, abincin ya ruɓe a ƙasan tankin, ruwan ya ɓaci. Da hannuna na ƙara masa ciwo.

Ashe zafi ne. Na matsar da tankin kusa da taga don ya yi kyan gani, ranar da na tsoma ma'aunin zafi sai ga digiri 26. Irin wannan niyut ɗin ya fi son ruwa mai digiri 15 zuwa 20, idan ya yi zafi sosai cin abinci ma ya daina.

Na samo roba mai murfi, na huda ta, na shimfiɗa takardar goge hannu da na jiƙa da ruwan da aka cire wa kilorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), na sa masa wurin ɓuya, na ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi. Kullum sai na canza takardar, da jiƙaƙƙen hannu, in wanke hannuna bayan nan, domin fatarsa tana da dafi.

Ciyarwar ce ta gwada haƙurina. Tana, wato tsutsar ƙasa, nake yankawa ƙanana, in ɗauka da hantsaki da dare, in riƙa motsa ta a gaban hancinsa. Kwana huɗu yana kau da kai. A na biyar ya tsaya yana kallo, maƙogwaronsa yana bugawa, can sai ya kai cafka, ya girgiza kai kamar ya kama wani babban nama. Jar tanar nan ta cikin taki kuwa ko kallonta bai yi ba, tana fitar da wani ruwa mai wari.

Duk da haka ƙibar ta ƙi zuwa, sai na kai kashinsa wurin likitan dabbobi. Tsutsar ciki aka gani. Sai da likita ya auna nauyinsa kafin ya tsara magani, don halitta mai nauyin 'yan giram ba a yi mata kintace.

Bayan kusan wata biyu na mayar da shi tanki, nesa da taga, ruwan bai wuce gaɓar yatsa ba da farko. Ya daɗe a bakin dutsen, sannan ya sulale ciki yana kaɗa jela.